Kamal da Man Riɗin Doka

Akwai wani mutum a Gadarif ta ƙasar Sudan, sunansa Kamal ɗan Wada, wanda ya yi shekaru yana aiki a Jidda. Ranar da ya dawo, mutanen unguwa sun zuba ido su ga mota, ko aƙalla jallabiyar tsaraba. Sai ga kwalaye. A cikinsu kuwa ba komai sai 'yan tubalan roba masu launi-launi, ƙanana kamar ƙwallon dabino, irin waɗanda ake harhaɗawa ɗaya bisa ɗaya har su tashi gini.

"Kayan wasan 'yarka Hadeel ne ka kwaso haka?" in ji maƙwabcinsa Ayuba.

Kamal ya dube shi sama da ƙasa. "Ya zol, kai mutumin nan, karanta kwalin. Na manya ne. Yaro ko inuwarsu ba ya taɓawa."

A faɗi gaskiya, hannunsa ya iya. Ya haɗa jirgin ruwa da ya kusa tsawon gado, ya haɗa hasumiya mai agogo, ya haɗa jirgin ƙasa da taragunsa. Duk wanda ya gani sai ya riƙe baki. Matsalar ɗaya ce: ina za a jera su?

Sai idonsa ya faɗa kan diwan, wato ɗakin baƙi na bakin ƙofa, wanda marigayi mahaifinsa ya gina. Tun da aka ɗora wa ɗakin nan rufi bai san kwaɗo ba. Wanda ya zo asibiti daga garin Doka, wanda mota ta bari a tashar Shuwak, duk nan suke kwana. Kamal ya fitar da gadajen igiya, angarib, ya jibge su a tsakar gida, ya shigar da tebura, ya garƙama kwaɗo mai girman tafin hannu.

Sannan ya sa rana. Juma'ar farko bayan an gama yankan dawa zai buɗe wa manyan unguwa ɗakin, Ustaz Elsadig shugaban kulob ɗin unguwa zai ɗauka da waya, Gadarif kaf ta san waye Kamal. Daga ranar ba shi da wata magana sai ta Juma'ar nan.

Ana haka sai ga Baffa Cindo, ƙanen mahaifinsa, ya sauko daga motar Doka. Yanar ido ce ta rufe masa gani, likita ya ce ya zauna a gari har a yi masa aiki. A hannunsa akwai jarkar man riɗi, wanda raƙumi ya juya turmi aka matse, daga gonarsa. Ya miƙa wa Ikilima matar Kamal, ya nufi diwan kamar yadda ya saba, yana laluben ƙofa. Hannunsa ya ci karo da ƙarfe.

"Ɗana, wa ya rataye wannan a ƙofar yayana?"

"Ma'alesh Baffa, yi haƙuri, akwai kaya masu daraja a ciki. An gyara maka rakuba, ta ma fi iska."

Rakuba fa, jama'a. Rumfar kara ta gefen madafa, inda ake shanya albasa. Tsohon ya ce, "Tamam, shi ke nan," ya ja sandarsa.

Kamal bai ji komai ba a ransa. Abin da ya hana shi sukuni daban ne: ƙurar Gadarif ta fara dusashe masa launi. Yana kallon hotunan masu irin wannan sha'awa a Dubai, nasu sai ƙyalli, nasa kamar an yayyafa musu garin dawa. Sai ya tuna yadda mahaifiyarsa take shafe ƙafafun angarib da man riɗi su yi ta sheƙi. Ya ce to, ai ga mai har gida.

Ya saci jiki ya tsiyayi na Baffa a kwano, ya samu tsumma, ya bi jirgin nan lungu-lungu, ya bi hasumiya, ya bi taragu. Wallahi sun yi ƙyalli. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana yi wa kansa murmushi. Ya toshe tagogi da tsummoki don kada ƙura ta sake shiga, ya tura kwalayen ƙarƙashin tebur, ya kulle.

Da safe Ikilima ta ɗaga jarka ta ji ta yi sauƙi.

"Baban Hadeel, man nan ina ya tafi? Ko rabi babu."

Kamal ya ɗaga murya yadda za ta kai rakuba. "Ni kike tambaya? Ki tambayi masu shafa wa gwiwa safe da yamma. A kawo maka tsaraba da dama, a kwashe da hagu."

Ikilima ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Daga rakuba sai ƙarar carbi ake ji.

Da zai tafi gonarsa ta Gadambaliya wajen yankan dawa, ta roƙe shi. "Bar mini makullin, in riƙa sharewa ina sa turaren wuta. Ɗaki ba ya son zama a rufe."

"Ki share? Da tsintsiya? Kusa da jirgina?" Ya jefa makullin a aljihu ya hau mota.

Ya daɗe a can. Rana ta yi ta dukan kwanon rufin diwan, aka yi wa Baffa aiki, aka cire masa bandeji, duk yana rakuba. Da Kamal ya dawo ana jibi Juma'a, Ikilima ta tare shi tun a ƙofa.

"Akwai wani wari da yake fitowa ta wajen diwan. Ka buɗe ka duba."

Ya shaƙa, ya yamutsa fuska. "Wannan daga rakuba ne. Magungunan tsofaffi. Ba mai buɗe ƙofar nan sai a gaban Ustaz."

Juma'a ta zo. Aka sauko daga masallaci, manya suka cika ƙofar gida da fararen jallabiyoyi da rawuna. An yanka rago, faranti yana jira. Ustaz Elsadig ya ɗaga waya ya ce kai tsaye yake watsawa. Kamal ya gyara murya, ya yi jawabi a kan haƙuri da tsabta da sanin darajar abu, sannan ya murɗa makulli ya tura ƙofa da hannu biyu.

Warin ne ya fara fitowa. Warin tsohon mai da ya dahu a rufe, haɗe da fitsarin ɓera, mai kama maƙogwaro. Wani dattijo ya tura bakin rawaninsa a hanci.

Sai haske ya shiga. Man ya haɗu da ƙura ya zama baƙin danƙo yana ɗiga daga tebur. Hasumiyar an gaigaye mata gindi ta karkace, a cikin gidan agogon uwar ɓera ta haihu, 'ya'yan jajaye tsirara suna motsi. Jirgin ruwan kuwa, da farko Kamal ya ɗauka launinsa ne ya koma ja. Sai launin ya motsa. Kyankyasai ne, manya da ƙanana, suna bulbulowa ta kowace taga ta jirgin, suna gangarowa ƙafar tebur, suna nufo takalman baƙi.

"Ya salam!" in ji Ayuba yana tsalle da baya. "Kamal, ashe har fasinja ka ɗauka ba ka faɗa mana ba!"

Wani ƙato ya tashi sama ya sauka a rawanin Ustaz. Ustaz ya manta da girma, ya manta wayar tana ɗauka, ya yi waje yana kakkaɓe kai yana salati. Saura suka bi shi, wasu suna tofar da yawu.

Kamal ya tsaya shi kaɗai a bakin ƙofa, makulli a hannu, wani abu yana hawa masa cikin wando.

Sai aka ji murya daga gefen madafa. "Bismillah, ku taho nan. Akwai inuwa, akwai iska, ɗana ma ya ce ta fi."

Baffa Cindo ne. Ya sa aka jera angarib ɗin da aka jibge, aka kai farantin rakuba, ya zaunar da kowa kamar yadda yayansa yake yi. Da iska ta sake kwaso warin, ya ɗaga hanci ya shaƙa a hankali.

"Riɗin gonata ne wannan, ko a ina na san shi." Ya dubi Kamal da sabon idonsa. "Alhamdu lillahi. Ashe ba gwiwata ce ta shanye ba."

Ba wanda ya yi dariya, har Ayuba. Wannan shirun ya fi wa Kamal kyankyasan ciwo.

Bayan baƙi sun watse, ya kwaso tubalan a bahuna, ya wargaza aikin shekara da hannunsa, ya zauna da ruwan sabulu yana wankewa ɗaya-ɗaya. Tsohon ya jawo kujera ya tsoma hannu a baho.

"Baffa, bari, ƙazanta ne. Ka yafe mini." Ya miƙa masa makullin. "Ɗakinka ne."

"Me zan yi da makulli? Ciro mini kwaɗon gaba ɗaya. Garken awakina a Doka yana buƙata, su ne ake kullewa."

Yau in ka shiga diwan ɗin, jirgin yana nan a kan kanta can sama, an sake haɗa shi, taga ɗaya ɓera ya ci. A ƙasansa angarib ne a jere, baƙi suna kwance suna gardamar ko zai iya ƙetare kogin Atbara.

Darasi: Sha'awarka ba laifi ba ce, amma ranar da ta kori mutum daga ɗaki ta fara ruɓewa. Kada ka ci alherin mutum sannan ka ɗora masa laifinka. Ku tura wa 'yan uwa, musamman mai kwaɗo a ƙofar baƙi. Na san halinku, ku karanta kyakkyawan rubutu irin wannan ku lallaɓa ku wuce ko godiya babu. Wanda ya yi haka yau, ya duba cikin takalminsa kafin ya sa.