Ƙaimin Angeran a Kan Juji

A zamanin da, can ƙasar Faransawa inda sanyi ke mai da ruwa dutse, an yi wani sarki da ya dawo daga yaƙi da nasara amma ransa a ɓace. Ana tsakiyar gumurzu, barden da ke hagunsa ya juya linzami ya arce, ya bar Sarki a fili. Ba don wani barden ya tare gatari da kafaɗarsa ba, da a ranar an naɗa sabon sarki.

Mayaƙan ƙasar nan ba a ganin fuskarsu. Ƙarfe suke sawa daga kai har ƙafa, kamar tukunya da murfinta, sai da zanen da ke kan garkuwa ake sanin ɗan gidan wane ne. Da wanda ya gudu da wanda ya tare gatari, duk baƙin shaho ne a garkuwarsu. Shaho kuwa na gidan Angeran ne, wani tsohon basarake mai ganuwar dutse da gonakin alkama, wanda ya fita yaƙin tare da 'ya'yansa biyu, Gotiye babba da Ra'ul ƙarami.

Mai tare gatari bai yi wuyar ganewa ba, ga Ra'ul can kwance ana masa ɗori. Saura uba da babban ɗa. Sarki ya sa aka yi shela: wanda ya gudu a cikinsu za a tsai da shi kan jujin fada, mai dafa wa Sarki abinci ya sare masa ƙaimi da addar nama. A wurinsu wannan ya fi yanka ciwo. Kuma daga ranar ba shi ba ƙasa, ba shi ba gado.

Angeran ya san wanda ya gudu. Shi ke tsare da gada a baya lokacin da mahayin ya wuce shi a sukwane, kafaɗar hagu a karkace. Shi ya koya wa Gotiye hawa, ya yi faɗa a kan karkacewar nan har ya gaji. Ya zauna ya auna. In aka kama Gotiye, ya tashi a tutar babu, shi da jaririn ɗansa. In kuwa shi tsoho ya ɗauki laifin, ƙasa ta faɗa hannun Gotiye nan take, don gadonsu ba irin namu ba ne, babba ke kwashe duka. Abin da za a rasa sunan tsoho ne kawai.

Matarsa Mahot ta same shi yana goge ƙaiminsa da kansa, ta gane.

"Maigida, wanka kake wa abin da za ka kai juji?"

"Na tsufa, Mahot. Suna me zai yi mini a kabari?"

"Ni na ɗinke kowane tabo da ke jikinka, ba ko ɗaya a baya. Yau za ka ce wa duniya ka gudu? Ka ɗauke masa kayan nan, to. Gobe in ka mutu wa zai ɗauke masa na gaba?"

"Ɗanki ne fa."

"Don ɗana ne nake faɗa. Gidan da aka kafa kan ƙarya, da damina ake sanin halinsa."

Ya hau doki ya nufi fada, ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ne na juya baya. Tsufa ya zo, zuciya ta yi sanyi."

Gotiye na tsaye a gefe, kansa a ƙasa.

Da aka watse, Waziri ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon zaki ba ya koyon gudu da furfura. Amma ya amsa da bakinsa, kada mu ƙaryata shi. Abu ɗaya nake roƙo: a ce magajinsa ne zai riƙe masa ƙafa a kan gungumen da za a sare ƙaimin."

Sarki ya ce, "An yi."

Ranar hukunci gari ya cika maƙil. Angeran ya hau juji, tsofaffin abokan yaƙinsa suka kau da kai, wannan kuwa ya fi ci masa rai a kan komai. Aka kira Gotiye ya durƙusa ya kama ƙafar ubansa. Tsoho ya sunkuya ya ce masa a hankali, "Riƙe da kyau, mutane na kallo. Daga yau kai ne gidan."

Mai dafa abinci ya ɗaga adda.

Sai Gotiye ya ture ƙafar uban, ya ɗora tasa a kan gungume, ya ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, Baba bai gusa daga gada ba. Ni ne na ga masun abokan gaba sun yi duhu, na gudu. Ga ƙafar da ta zunguri dokin."

"Rufe mini baki, ɗan banza!" in ji Angeran, hawaye na bin gemunsa.

Sarki ya ce, "Sare." Aka sare ƙaimin Gotiye, ya faɗa cikin shara.

Waziri ya ce, "Zaki, wanda ya guje wa mashi bai guje wa kunya ba, kuma kunya ta fi mashi tsini. A bar masa ƙofa."

Sarki ya yanke: Gotiye zai yi yaƙi a ƙasa, cikin dakaru, ƙarƙashin tutar ƙanensa Ra'ul, wanda aka ba ƙasa tasa ta kansa. In ya wanke kansa a fagen fama, a mayar masa da ƙaimi. In bai wanke ba, gado ya tsallake shi ya sauka kan ɗansa. Ya juya ga Angeran ya ce, "Kai kuma, Baba, ka yi mini ƙarya a gaban jama'a. Ajiye takobi, ka koma gida. Ba za ka ƙara fita da ni ba."

Suka kama hanyar gida, Gotiye a ƙasa riƙe da linzamin ubansa. Da suka yi nisa, Angeran yana kallon ƙeyar ɗansa, yana neman fushin da ya taho da shi daga fada, ya rasa inda ya shiga. Sai ya sauko daga doki, gwiwoyi na ƙara, ya jera da shi.

Mahot ta hango su daga bakin ƙofa, maza biyu a ƙasa, doki na binsu ba kowa a kai. Ta dubi ƙafar ɗanta, ta dubi fuskarsa. Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar yaƙi.

Ta ce, "Gotiye, shigo ka ci abinci. Ka wanke ƙafar nan tukuna."

Nan hikayar ta tsaya. Mai ɗa ya san abin da zai ɗauka a ciki.