Likitan da Ya Hana Kawunsa Sa Hannu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba. Shekaru da dama ke nan. Sunansa Mamuda, likita ne, kuma shi kaɗai ne likita a asibitin garin. Ba shi da mota. Wani tsohon babur yake hawa, wanda sai an tura yake tashi.

Ku saurara da kyau, jama'a, don labarin nan namu ne.

Wata shekara hukuma ta fito da doka mai kyau. Aka ce duk mai naƙasa da ke sana'a, gurgu ne, makaho ne, kurma ne, ko wanda ciwo ya karya, an ɗauke masa haraji. Amma da sharaɗi: sai likita ya duba shi, ya cika takarda mai shafi shida, ya sa hannu. Waɗanda suka rubuta dokar suka koma ofisoshinsu suka sha iska. Nauyin kuwa ya sauka a wuyan Mamuda.

Kun san abin da ke cikin takardar nan? Taku nawa mutum zai iya yi kafin ya zauna? Yana iya sa riga da kansa? Yana jin kira daga bayansa? Ciwon zai warke ko na dindindin ne? Mutum ɗaya sai ya ci rabin sa'a. Ga mata a layi da jarirai masu zazzaɓi, ga mai naƙuda tana jira. Sai Mamuda ya ce, safiya ta marasa lafiya ce. Bayan la'asar, lokacin da ya kamata ya tafi gida ya huta, sai ya fito da tebur gindin darbejiya ya zauna wa masu takarda. Ba a ƙara masa ko kwabo a albashi ba.

Kuma ba wahalar rubutun ce ta fi damunsa ba. Ciwo ba shi da sikeli. Wani zai shigo yana ɗingishi, ya fita ƙofa ya miƙe garau. Wani kuma ciwon na cinsa, amma kunya ta sa ya ce lafiya lau. Mamuda yakan ce, "In na sa wa mai lafiya hannu na yi ƙarya. In na hana mai ciwo na yi zalunci. Duka biyun za a tambaye ni." Saboda haka in abu ya shige masa duhu, sai ya tura babur ɗinsa ya je ya ga mutum a wurin sana'arsa da idonsa.

Ana nan, ran nan sai ga kawunsa, Alhaji Bature, yayan mahaifiyarsa. Babban ɗan kasuwa ne, mai shagunan hatsi. Ku riƙe wannan: mahaifin Mamuda ya rasu yana ƙarami, Alhaji Bature ne ya riƙe shi, shi ya kai shi makaranta har ya zama likita.

Mamuda ya tashi ya durƙusa ya gaishe shi. Alhaji ya ajiye takarda a kan tebur ya ce, "Gwiwar nan ce ta matsa mini. Sa hannu in wuce, ana jira na."

Mamuda ya ce, "To Kawu, bari in duba."

Ya duba. Ya lanƙwasa ƙafar, ya miƙe ta. Ya ce ya taka zuwa bakin ƙofa ya dawo. Alhaji ya je ya dawo kamar saurayi.

Mamuda ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, akwai ɗan sanyin ƙashi, zan ba ka magani. Amma wannan ba naƙasa ba ce. Allah Ya ba ka lafiya."

Alhaji ya ce, "Na san ina da lafiya. Hannu na ce ka sa."

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan iya ba."

"Mamuda! Ni? Alƙalamin da ke hannunka wa ya saya maka?"

Mamuda ya ce, "Kai ne, Kawu, kuma har in mutu ban isa in saka maka ba. Ka aike ni ko'ina da ƙafata, zan je. Amma wannan shaida ce. Cewa za a yi in rantse na ga abin da ban gani ba."

Alhaji Bature ya ɗauki takardarsa, ya kaɗe riga, ya fita bai waiwaya ba.

Jama'a, kada ku ɗauka abin ya zo wa Mamuda da sauƙi. Dangi suka taso. Aka ce butulu ne. Aka ce boko ya ɓata shi. Aka yi bikin 'yar Alhaji, ba a kai masa goron gayyata ba. Ya je gaban mahaifiyarsa hawaye na zuba, ya ce, "Inna, na ɓata wa Kawu rai." Tsohuwar ta ce, "Yayana ne, kuma ya yi mana komai. Je ka riƙa gaishe shi ko bai amsa ba. Amma hannun, kada ka sa."

Haka ya yi. Duk Juma'a ya je ƙofar gidan ya yi sallama, ya gaida mutanen zaure, ya juyo.

To, ashe a garuruwan da ke kewaye ba haka ake yi ba. Can, wanda ya miƙa ɗan abin goro sai a sa masa hannu. Har aka wayi gari a wata kasuwa rabin 'yan kasuwar guragu ne a takarda, alhali da ƙafafunsu suke bin motar kaya da gudu. Da hukuma ta farga, sai ta fusata ta soke takardun yankin gaba ɗaya, na gaskiya da na ƙarya.

Washegari sai ga Gambo mai gyaran rediyo a asibiti, a kan kekensa na guragu. Shan-inna ne ya shanye masa ƙafafu tun yana yaro. Ya ce, "Likita, masu haraji sun zo. Sun ce takardarka ba ta aiki. Sun ce in biya ko su rufe rumfar. Ni me na yi?"

Mamuda ya ce, "Ba ka yi komai ba, Gambo. Koma ka buɗe rumfarka."

Ya hau motar haya zuwa babban birni, ya tsaya gaban kwamitin da ya soke takardun. Ya ce wa shugabansu, "Ranka ya daɗe, mutum ɗari da arba'in na sa wa hannu. Ku zaɓi waɗanda kuka ga dama, ku turo likitocinku su duba. In kun sami mutum ɗaya mai lafiya, ku kore ni daga aiki."

Shugaban ya dube shi ya ce, "Ka san abin da kake faɗa? Mutum ɗaya fa ka ce."

Ya ce, "Ɗaya."

Wa zai iya wannan magana? Sai wanda ya san abin da hannunsa ya rubuta.

Suka turo likitoci biyu. Suka zaɓi mutum talatin da kansu, suka kwana uku suna dubawa. Ba su sami ko ɗaya ba. Aka mayar wa mutanen garin takardunsu duka, Gambo ya ci gaba da gyaran rediyonsa. Makafi da guragun sauran garuruwa kuwa, bayin Allah, sai da suka shekara suna zarya kafin a saurare su, saboda ƙaryar da wasu suka yi da sunansu.

Kuna jira in ce Alhaji Bature ya zo ya ba da haƙuri? Bai zo ba. Kuna jira in ce an ba Mamuda mota? Ba a ba shi ba. Ya koma gindin darbejiyarsa ya ci gaba da cika shafi shida. Ladansa yana wurin Wanda ba Ya mantuwa.

To 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Sa hannu shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai, ko da baki aka yi ta, ko da biro. Kai malamin makaranta mai ba da maki, kai mai unguwa mai cewa "na san shi", kai ma'aikaci mai buga hatimi, da ku nake. Ku kuma masu zuwa wurin likita ku ce ya rubuta muku ciwon da ba ku da shi, don hutun aiki ko don a rage muku haraji, ku ji tsoron Allah. Kada ku matsa wa ɗanku don kun yi masa alheri. Allah Ya ba ka ƙafa biyu, ka je ka rubuta cewa ba ka da su? Abin da ka karɓa ta wannan hanya haƙƙin gurgu ne, kuma gurgun zai tsaya ya neme shi a ranar da kowa zai tsaya.

Allah Ya tsare hannayenmu daga rubuta abin da idanunmu ba su gani ba. Ku ce amin.