Kofin Zumreta

Akwai wani dattijo mai suna Hajrudin a ƙauyenmu na kan duwatsun Bosniya, mutum mai sanyin hali da bai iya musu da kowa ba, balle matarsa Zumreta.

Ita kuwa Zumreta, kowa ya san hannunta. Idan mutum ya ɗaga kaya mai nauyi cikinsa ya murɗa, sai a ce struna ta zame masa, wato jijiyar cibiya, a kai shi wurinta. Takan murza cikin da mai, ta dasa guntun kyandir a kan ɓawon burodi bisa cibiya, ta kunna, ta kife kofin gilashi a kai. Mutane suna jin sauƙi, ban musa ba. Amma yabo ya hau mata kai, har takan ce likitocin birni ba abin da suka iya sai wuƙa.

Da kaka, Hajrudin yana jibge itacen hunturu, ciwon ciki ya durƙusar da shi. Ta kifa masa kofi, ciwon ya lafa. Ba a jima ba ya dawo, wannan karon da amai. Ta sake kifawa.

Haka aka yi ta yi har 'yarsu Senada ta zo daga birni, ta tarar da mahaifinta ya rame, wando na zame masa. Ta roƙi uwar a kai shi asibiti.

"Rabin ƙauyen nan ni na gyara musu ciki," in ji Zumreta. "Sai na mijina ne zai gagare ni? Me za a ce da ni a gari?"

Hajrudin ya yi murmushi, yana dafe da gefen cikinsa. "Ƙyale tsohuwa, 'yata. Na ji sauƙi."

Wata safiya cikin ya kumbura tim, bayan gida ya tsaya, sai ɗan jini. Senada ba ta nemi izinin kowa ba, ta ɗauko motar maƙwabci ta kai shi asibiti.

Bayan tiyata, likitar ta zaunar da Zumreta da Senada ta yi musu bayani. Wani sashen hanjinsa ne ya shige cikin wani sashen, kamar safar da aka tuɓe da gaggawa. Ta ce ga babba, yawanci wani tsiro ne ke fitowa a cikin hanji, hanjin ya yi ta jan sa kamar abinci har ya haɗiye kansa. Yakan shige ya fito, shi ya sa ciwon ke zuwa ya tafi, ba don kofi ba. Maganinsa a yanke wurin a haɗa. Da sun zo da wuri, aikin mai sauƙi ne. Yanzu kuwa wurin ya mutu ya fashe, ƙazanta ta bazu a cikinsa.

Zumreta ta je ta zauna a bakin gadon Hajrudin.

Da ya farfaɗo, ta riƙe hannunsa tana kuka. "Hajro, don me ka riƙa ce mini ka ji sauƙi?"

Da ƙyar muryarsa ta fito. "Tsohuwa, in na ce ban ji ba, za a ce hannunki ya mutu. Ban so a yi miki dariya ba."

Bai koma gida da rai ba.

Wallahi duk lokacin da na tuna maganar nan sai zuciyata ta karye. Mutumin ya yi ta haɗiye azaba don kada a taɓa sunan matarsa, ita kuma sunan take karewa, ba ta lura da shi ba.

Kwanan baya wata maƙwabciya ta kawo mata mijinta yana murƙususu. Zumreta ta tare su a bakin ƙofa, ta ce su wuce asibiti, ita ta daina. Kofin yana nan kife a kan taga, ƙura ta rufe shi.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka fifita sunanka a kan ran wanda kake so, domin mai ƙaunarka yana iya ɓoye ciwonsa don kada ka ji kunya. Ciwon cikin da ke tafiya yana dawowa, da amai da rama, na asibiti ne. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ke cewa ya ji sauƙi alhali bai ji ba.