Kurege da Tsagaggen Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Gwaggo, mun kasa kunne.

To ku matso. Amma duk wanda ya ƙara tona mini wutar nan da kara, wallahi tashi zan yi in bar ku da sauro.

Kurege ne dai, ɗan neman nan mai bazar wutsiya. Wata shekara gyaɗarsa ta yi kyau, ta yi kyau har ta ba shi tsoro. Ya tsaya gaban tarin ya ce, "Na shiga uku. In maƙwabta suka ga wannan, kowa zai zo gaisuwa da ƙwarya a hannu." Sai ya kira Zanzaro magini ya gina masa rumbu.

Zanzaro ya jera duwatsu, ya kwaɓa ƙasa, ya ɗora gini, ya ɗora gini, har rumbu ya tashi. Ya wanke hannu ya ce, "Kurege, ginin nan ɗanye ne. Bar shi ya sha rana ya bushe kafin ka zuba masa ko ƙwaya ɗaya."

Kurege ya ce, "Na ji."

Ina ya ji! Zanzaro na ba da baya ya kwashe gyaɗar kaf ya ɗura a ciki. Gari na wayewa rumbu ya ce ƙyas! Tsaga ta sauko tun daga wuya har ciki.

Matarsa Tasalla ta ce, "Maigida, rumbu ya tsage. Kira Zanzaro ya liƙe mana."

"Ya liƙe? Sabo zai gina mini, kuma kyauta. Kada ki taɓa tsagar nan, hujjata ce."

Ya kai ƙara wurin Gara, Sarkin Magina. Gara ya zo ya leƙa, ya ga shatar ɓawon gyaɗa kwance a jikin ƙasar ta ciki. Ya ce, "Kai ka cika shi yana ɗanye. Zanzaro ba shi da laifi."

Wani da sai ya yi shiru ya koma gida. Ban da Kurege. Ya ce bai yarda ba, shi sai ya ɗaukaka ƙara gaban Alƙali Kunkuru.

To ku ji al'adar garin, don nan cibiyar zancen take. Duk wanda ya zo zaman ɗaukaka ƙara, shaida ne ko mai ƙara, gidan Inna Bushiya yake sauka, ita ke ciyar da shi da dawarta. Ran da aka yanke hukunci, wanda ya faɗi shi ke biyan abin da aka ci, daga rumbunsa, a gaban jama'a. Wannan shi ne kuɗin shari'arsu.

Kurege ya lissafa, ya ga ai shi zai ci nasara. Ya ce, "Sai na sa Zanzaro ya sayar da wandonsa." Ya tafi gidan Giwa.

"Ranki ya daɗe, shaida nake nema."

"Ni me na sani a gini?"

"Ba sani ake nema ba, zama ake nema. Kuma akwai tuwo."

Giwa ta ce a tafi. Ya kira Dorina, akwai tuwo. Ya kira Raƙumi, akwai tuwo. Ko ɗayansu bai taɓa ganin rumbun nan da idonsa ba.

Aka fara zama. Kun dai san Kunkuru: in ya yi tambaya da hantsi, sai la'asar yake gyaɗa kai. Kwanaki suna tafiya, Bushiya tana daka tana tuƙi, baiwar Allah har hannunta ya yi kanta. Kurege kuwa yana zagayawa: "Ku ci, ku ci, Zanzaro zai biya. Inna, ƙaro wa Giwa!"

Bai tsaya nan ba, marar kunya. Da rana ta take, kowa ya kishingiɗa, sai ya lallaɓa ya cika taiki da jar dawar Bushiya, ya kai gida ya juye a kan gyaɗarsa. Ai Zanzaro zai biya. Rumbu ya ce ƙyas!

"Maigida, tsagar nan ta ƙaru."

"Bar ta, hujjata ce."

Kashegari ya ƙaro taiki. Rumbu ya ce ƙyas!

"Maigida, hannuna yana shiga tsagar nan."

"Na ce bar ta, hujjata ce!"

Rannan Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Na ji shaidu. Giwa ta ce rumbun zagayayye ne. Dorina ta ce mai kusurwa ne. Raƙumi ya ce shi ya ɗauka rijiya ake shari'a a kai. Hukuncin Sarkin Magina ya tsaya. Kurege, ka faɗi. Gobe da hantsi a zo a yanka maka abin da za ka biya."

Wayyo! Kurege ya shiga lissafi. Ya waiga ya dubi cikin Giwa, ya dubi cikin Dorina, ya dubi Raƙumi da har yanzu yake tuƙa. Ya san ko an kwashe gyaɗarsa duka, har irin shuka, ba za ta kai rabi ba. Ga damina ta ƙarato, gabas ta fara haɗa hadari.

Ya koma gida. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya rumbu, ya dawo ya zauna. Tasalla ta kawo abinci, ya ture shi gefe. Ganye ya faɗo, ya zabura ya ce ɗan aiken kotu ne. Ni kaina, da ban san halinsa ba, da na ji tausayinsa.

Ana cikin haka surukarsa ta iso yi masa jaje. Tasalla ta kai mata tuwo cike da akushi a ɗaki. Jim kaɗan akushi ya fito tas, har an suɗe gefensa. Tsohuwa ta fito tana goge baki, ta ce, "Ni fa ban iya cin komai ba, 'yar nan. Loma biyu na yi."

Kurege ya dubi akushi, ya dubi surukarsa. Wutsiyarsa da ta kwanta ta fara tashi.

Da hantsi fili ya cika maƙil, har da dangi da surukai da 'yan kallo. Kurege ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na faɗi, kuma zan biya. Amma ina tsoron cin haƙƙin Inna. Kowane baƙo ya tashi ya faɗi abin da ya ci da bakinsa, a gaban jama'a, sai in biya daidai."

Kunkuru ya yi ta juya maganar har inuwa ta gusa. Kurege yana durƙushe, gumi na bin wutsiyarsa. Can Kunkuru ya ce, "Magana ce. Giwa, me kika ci?"

Giwa ta duba, ga uwar mijinta zaune a sahun gaba. Ta sunkuyar da kai. "Ni? Loma biyu na yi, don kada a ce na raina."

"Dorina fa?"

"Allah ya gafarta Malam, ni cikina ba ya son tuwon dawa. Ɗan romo na kurɓa."

"Raƙumi?"

Raƙumi ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce, "Azumin nafila nake yi tun zuwana."

Zanzaro ya ce shi a duba ƙugunsa kawai, a gani in ya yi kama da na mai cin tuwo.

Bushiya ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu. "Jama'a, rumbuna wayam! Aljanu ne suka ci?"

Kunkuru ya ce, "Inna, kotu ba ta auna kuka, abin da aka faɗa take aunawa. Loma biyu da romo, mudu guda ya isa. A tashi a je rumbun Kurege a auna."

Kurege ya yi wuf ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kada a wahalar da manya. Yanzu zan ruga in kawo."

"A bakin rumbu ake aunawa, a gaban jama'a. Haka muka tarar."

Aka ɗunguma. Giwa ta taka, ƙasa ta girgiza, daga nesa rumbu ya ce ƙyas!

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, a taka a hankali, unguwarmu akwai masu jego."

Dorina ta taka. Ƙyas! Tasalla ta tari mijinta a ƙofa: "Maigida, yanzu kaina yana shiga tsagar nan." Wannan karon bai ce hujjarsa ce ba.

Zanzaro ya dubi ginin ya ce, "Kurege, kada ka hau. Bari in ɗan liƙe tukuna, ba sai ka biya ni ba."

Ina! In Zanzaro ya matso zai hango abin da ke ciki. Kurege ya ce a bar shi, ya ɗare saman rumbu riƙe da mudu, ya ɗaga jinka ya faɗa. To ga matsala: abin da ke sama duk jar dawa ce, shi kuwa kowa ya san bai taɓa shuka dawa ba. Gyaɗar tana can ƙasa. Ya shiga tona, yana tura dawa gefe, yana tona, yana turawa, yana tona, yana turawa.

Rumbu bai ce ƙyas ba. Cewa ya yi rugum!

Jar dawa ta malalo har ƙafar alƙali. Bushiya ta damƙi hannu guda ta shinshina. "Dawata! Wallahi dawata ce!"

Giwa ta ɗaga hanci ta ce, "Ashe! Shi ya sa muke kwana da yunwa!" Dorina ta ce ita dama ta ga ta rame. Raƙumi ya ce Allah ya isa.

Kunkuru kuwa, tun da aka haife shi bai taɓa magana da sauri irin ta ranar ba. "Dawa ta Bushiya ce. Gyaɗa ma ta Bushiya ce, har irin shuka. A kamo mini shi!"

Aka yaye ɓaraguzai, aka yaye, babu Kurege. Sai wani ɗan rami da ya nutsa ƙasa. Ya ɓulla can bayan gari da gyaɗa ƙwaya ɗaya a kumatu, ita ke nan abin da ya tsira da shi daga noman shekara. Tasalla ta ɗaure kayanta ta bi uwarta.

Tun daga ranar Kurege bai ƙara yarda da gini ba. A rami yake kwana, a ƙasa yake binne abincinsa. In kun gan shi a gona ya miƙe tsaye kan ƙafa biyu yana waige-waige, ba ku yake kallo ba, ɗan aiken Kunkuru yake dubawa. Ɗan aiken ma kunkuru ne, yana nan tafe har yanzu.

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan wutsiyar mai rami. Abin da za ku riƙe shi ne: in kun je baƙunci ku share akushi ku ce loma biyu kuka yi, ba mai kama ku. Wanda ya ci nawa tuwon da na rufe ɗazu kuwa, ya tashi ya faɗa da bakinsa, ina jira.