Huji Biyu a Jikin Madauri

An yi wani mutum a wani ƙaramin gari na masu yankan katako, can gindin duwatsun British Columbia, inda na yi shekaru ina zaune. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa.

Sana'arsa gyaran babur ɗin ƙanƙara, mai ƙafafun sulɓi biyu a gaba da bel mai haƙora a baya. Inji kam kowane bakanike yana taɓawa. Shi baiwar da Allah ya yi masa ita ce saitin sifirin da shokazoba. Sai ya sa ka hau babur da dukkan kayanka, jaka da shebur da hular kwano, ya durƙusa ya auna yadda bayan ya nutse, ya ɗaure nan ya sassauta can. In ka fita sai ka rantse a jikinka aka ɗinka babur ɗin. Mutanen garin ba sa duba aikinsa. In ya ce ya gama, hawa kawai ake yi.

Yana da ƙane, Lorne, direban motar katako, mai yawan dariya. Shekara takwas ne tsakaninsu. Lorne bai taɓa ɗora sifana a kan babur ɗinsa ba, don me zai wahalar da kansa alhali yayansa yana nan?

Mahayan garin suna da wani wasa. Sai su tsaya a gindin gangare, su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya danna totur ya miƙe sama har inda ƙarfin babur ya ƙare, sannan ya karkato ya sauko. Sawun da ya bari a jikin dusar ƙanƙara shi ne zanensa. Ba kofi, ba kyauta. Amma wanda zanensa ya fi nisa, kafin yamma an san shi a kowane gida.

Shekara goma sha biyu zanen mutumin nan ne a sama. A ta sha uku Lorne ya wuce shi. Ya sake wuce shi, ya kuma sakewa.

Abokinsu Duane, wanda bakinsa ba ya da birki, ya samu abin yi. Suna zaune suna cin naman da suka ɗumama a gwangwani jikin salansa, sai ya nuna dutse da cokali ya ce, "Tsoho, wancan ɗan guntun zanen naka ne, ko zomo ne ya wuce? Gwiwa ta fara magana ke nan. Ka zauna a gareji ka riƙa ɗaure mana noti, hawa ka bar wa yara."

Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma tasa a haƙora ta tsaya.

Ya 'yan uwa, me Lorne ya ƙwace masa? Matarsa ce, ko abincinsa? Layi ne a kan ƙanƙara, wanda iskar kwana ɗaya take shafewa. Amma hassada ba ta tambayar girman abu kafin ta shiga zuciya.

Wata Juma'a da rana Lorne ya kawo babur ɗinsa gareji. Ya ce, "Yaya, ɗan duba mini shi. Gobe gangaren nan na Bangon Hankaka za mu hau, kuma ka san ba na son in kunyata ka da yawa." Ya daki kafaɗarsa, ya ajiye masa kofin gahawa, ya koma bakin aiki.

A ƙarƙashin kowane babur akwai wani madauri mai jerin huji, shi ke hana gaba ɗagawa fiye da kima. In aka gajarta shi, hancin babur ya kwanta, ya bi gangare. In aka tsawaita shi, hanci ya tashi sama, baya ya riƙa haƙa rami. Mutumin nan ya tsawaita na Lorne da huji biyu, ya kuma sassauta sifirin ɗin baya. Aikin bai kai minti goma ba. Ba kisa ya nufa ba, wallahi ba shi ya nufa ba. So yake ƙanensa ya kafe a tsakiyar gangare a gaban mutane, bakin Duane ya koma kan wani.

Da safe su biyar suka isa gindin dutse. Lorne ya matso kusa da shi, ya ɗaga gilashin hularsa ya ce, "Yaya, yau hancin nan rawa yake mini fa. Lafiya kuwa?"

Sifana tana aljihun yayan. Allah ya buɗe masa ƙofa, aikin minti biyu. Sai ya ce, "Sabuwar dusa ce. Ko tsoro ne ya fara kama ka?"

Lorne ya yi dariya, ya sauke gilashi, ya danna totur.

Ya haura kamar yadda ya saba. Da gangare ya miƙe tsaye, hanci ya tashi, baya ya nutse, babur ya haƙa wa kansa rami ya tsaya cak, can sama, daidai ƙarƙashin inda iska ta tara dusa kwana uku. Duane ya buga cinya yana ihu. Mutumin nan ya samu abin da yake so, ya yi dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kowa a wurin ya san ƙa'ida: wanda ya kafe a gangare ba a hawa a taimake shi, don nauyin babur na biyu yana iya ɓalle dutsen gaba ɗaya. Sai dai a tsaya a gefe a zuba ido. Suka tsaya. Lorne ya ciro shebur yana haƙa, ɗan mitsitsi a jikin farin bango, yana tsalle a kan babur don ya girgiza shi ya fita. Minti goma, minti ashirin. Yayan ya fara kwaɗa kira, "Bar shi! Sauko da ƙafa!" Iska ta kwashe muryar. Lorne ya ɗago hannu ya yi masa alamar komai lafiya.

Sai suka ji ƙara kamar an rufe babbar ƙofa a ƙarƙashin ƙasa. Tsaga ta keta dutsen daga wannan gefe zuwa wancan, gangaren duka ya taho.

Suka bi kukan na'urar da kowa ke ratayawa a ƙirji don a gano wanda dusa ta binne, suka soka sanda, suka samu Lorne a zurfin da ya fi tsayin mutum biyu. Dusar da ta zaftaro kuwa daskarewa take yi kamar siminti. Mutumin nan ya haƙa har shebur ya karye, ya ci gaba da hannu har faratansa suka fita. Minti arba'in suka yi kafin su kai ga fuskarsa. Lorne ya riga ya cika.

Garin duka ya tausaya masa. Marnie, matar Lorne, ta riƙe hannuwansa masu bandeji a wurin jana'iza tana cewa, "Ka yi iya ƙoƙarinka. Ba wanda ya so shi kamarka."

Babur ɗin ba a gan shi ba, yana binne a kwari. Sau biyu mutumin nan ya je shi kaɗai yana soka sanda, bai same shi ba. Daga nan ba abin da ya rage masa sai kallo. Kullum ya tsaya a ƙofar gareji yana duban farin da ke kan dutse yana raguwa. Wa ya isa ya hana rana narkar da ƙanƙara? Afrilu ta wuce, Mayu ta wuce, farin ya koma ɗan tsiri a cikin kwari.

A watan Yuli mahaifinsu Wendell, tsohon bakanike wanda shi ya koya masa sana'ar, ya ɗauki maƙwabta biyu suka je suka jawo ragowar babur ɗin. Da hantsi ya shigo gareji, ya rufe ƙofa, ya ajiye madaurin a kan teburin aiki. Notin yana nan ɗaure tamau a hujin da ba nasa ba.

Tsohon ya dubi ɗansa. Ya ce, "Ɗana, ka ce mini kuskure ka yi. Ka faɗa kawai, ni kuwa zan yarda."

Mutumin nan ya tsura wa madaurin ido. Su biyun sun san hannunsa ba ya kuskuren huji ɗaya, balle biyu.

Wendell ya mayar da madaurin aljihu. Ya ce, "Uwarku ba za ta ji ba. Marnie ba za ta ji ba." Ya fita. Shekara shida ya ƙara a duniya, layi uku ne tsakanin gidajensu, bai sake yi masa magana ba. Ranar da yake jinyar ajali aka ce masa ga babban ɗanka ya zo, sai ya juya fuska bango.

Garejin ya rufe tun a wannan shekarar, don bai sake iya ɗaukar sifana ba. Ba kotu, ba kurkuku. Shi da bakinsa ya ba ni labarin bayan an binne tsohon, ya ce in faɗa wa mutane. Na tambaye shi me ya fi ci masa rai. Ya ce duk Kirsimeti Marnie tana aiko masa da abinci da takardar godiya, yana karɓa, ya kasa ci, ya kasa mayarwa.

Ya 'yan uwa, wanda ya miƙa maka abinsa bai duba bayanka ba, ransa ya miƙa maka, ko da noti ɗaya ne. Kada wani ya ce ɗan wasa zan yi masa, ɗan kunya kawai zan ba shi. Farkon sharri ne yake hannunka. In ka sake shi, inda zai tsaya ba kai ke yankewa ba, sai dai ka tsaya a gefe kana kira ba a jinka. In akwai wanda ci gabansa ke ƙona maka zuciya, ka je ka yi masa addu'a yau, tun ana iya gyarawa.

Allah ya wanke mana zukata daga hassada, ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu. Allah ya kiyaye mu da aikin da nadama ba ta iya kwancewa. Amin.