Hawa na Biyar

Uwaisu mutumin Maraɗi ne, yana sayar da jakunkuna a Canal Street. Yana da kirki, sai dai girman kai ya yi masa katutu. Kullum abin alfaharinsa shi ne babu mai bin sa ko sisi.

Shi da matarsa Habsatou suna zaune a hawa na biyar a unguwar Morrisania, gidan kuma ba lif, sai matakala. Da ciwon zuciya ya kama ta, likita ya hana ta hawan matakala. Sai ta koma kallon titi ta taga. Uwaisu ya nemi ɗaki a ƙasa, amma duk mai gidan da ya duba rahoton kiredit ɗinsa, wato tarihin biyan bashinsa, sai ya hana shi. Wani tsohon bashin waya ne na shekara tara, wanda ya daɗe da mantawa, kamfanin karɓar bashi ya bar shi a rubuce.

Maƙwabciyarsu Adwoa, 'yar Kumasi, ta tare shi a matakala.

"Alhaji, ko credit ne ya hana ku ɗakin? In bashin ya wuce shekara bakwai, dispute kawai za a yi, wato a rubuta ƙorafi, su cire shi. Kyauta ne. Kawo takardun in gani."

Uwaisu ya murtuke fuska. "Madam, ni ba a bi na bashi. Lahiya lau nike."

Ya gwammace ya ci gaba da yawon neman gida da a ce maƙwabciya ta ga asirinsa. Habsatou ta tambaye shi abin da ya hana su samun ɗakin, ya ce masu gidajen ne ba su da mutunci. Ta yarda, don bai taɓa yi mata ƙarya ba.

Watanni suka shuɗe. Ranar da ciwon ya tashi, kafin masu motar asibiti su sauko da ita daga hawa na biyar, rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar arba'in ya kai wa Adwoa takardun, kansa a ƙasa. Suka rubuta ƙorafi. Cikin 'yan makonni aka goge bashin. Da mai gida ya kira ya ce ɗakin ƙasa ya samu, Uwaisu ya fashe da kuka, ya ce, "Wa zan kai ciki?"

Jama'a, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya ɓoye matsalarsa don kada a raina shi, sau da yawa wani nasa ne yake biyan kuɗin girman kan. Ku duba rahotonku, ku tambayi wanda ya sani tun da sauran lokaci.