Likkafanin da Ya Fi Hadizatu Tsawo

Da sunan Allah, wanda ya gina ɗan Adam da tsoka da ƙashi, ya gudanar da ruwaye a cikinsa bisa awon da babu wanda ya san iyakarsa sai shi. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da na gani da idona na karamomin Shehunmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, kogin fiƙihu da tafsiri, wanda bai taɓa ɗaga murya a kan almajiri ba, Allah ya tsarkake sirrinsa. Ba zan ambaci sunansa ba domin ya hana mu tun yana raye. Ni ne Haruna tela, mafi ƙarancin almajiransa a karatu, mafi saurin fushi a cikinsu, kuma da ni wannan al'amari ya faru.

A farkon shekarun mulkin kai, cikin wata bazara mai tsananin zafi, sanƙarau ya faɗo wa Yamai. Yaro zai tashi da safe yana wasa, da rana ya ce kansa, kafin a ankara wuya ya sandare, ido ya juye. Hukuma ta kafa rumfunan zana a bayan gari, wurin da ake keɓe masu cuta, wanda ake kira Lazare, amma mutane sun fi tsoron wurin da cutar kanta, saboda an ce ana soka wa marar lafiya allura a gadon baya a zuƙe masa ruwan rai. Mu teloli kuwa muka bar ɗinkin riguna, kullum sai farin ƙyalle, har na tsani ganin alawayyo.

Sai abin ya shigo gidana, ya kama ɗiyata Hadizatu, wadda ita kaɗai Allah ya bar mana ni da uwarta Hawwa. Hawwa ta rantse ba za a kai ta Lazare ba, ni ma zuciyata tana tare da ita. Na ruga wurin Shehu neman rubutu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Haruna, wanda ya zuba ruwan a bayanta shi ya sanar da mutum hanyar duba shi. Ka kai ta." Ban so ba, amma na saɓa ta a kafaɗa, Hawwa tana biye da ni tana kuka.

Wanda ya karɓe mu a can wani ma'aikacin jinya ne, Kirista mutumin Dogon Dutsi, ana ce masa Majo Istifanus. Ya lanƙwasa yarinyar, ya sa allura tsakanin ƙasusuwan bayanta, ruwa ya riƙa ɗiga cikin wata ƴar siririyar kwalba. Da ya ga na damƙe hannu kamar zan kai masa duka, sai ya ɗaga kwalbar a gaban idona.

"Malam Haruna, ba rai nika ɗiba ba. Ƙwaƙwalwa da laka a cikin ruwa suke zaune, shi ka tsare su daga bugu. Na mai lafiya garau yake kamar hawaye. Dubi na ɗiyarka."

Na duba, na ga ruwan ya yi fari-fari kamar ƙasarin gero. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka bi ta hanci suka shiga jini, suka isa can suka hayayyafa, jini ya aiko da fararen dakarunsa su yaƙe su, gawarwakin ɓangarorin biyu ne suka gurɓata ruwan. Sannan ya zuba wani shuɗin magani a kai, ya riƙe kwalbar bisa harshen wuta. Ya ce akwai ɗan sukari a ruwan kowane mai lafiya, wanda jini ke kawowa ƙwaƙwalwa ta ci, kuma in sukarin yana nan shuɗin zai juye ya yi ja kamar jar ƙasa, in kuwa ƙwayoyin sun cinye shi, shuɗin ba zai motsa ba. Ruwan ya tafasa, ya sake tafasa, yana nan shuɗi.

"Zan yi mata pikir, in ci gaba da yi," in ji shi, yana nufin allurar magani, bai dube ni ba. "Amma ba ni ɓoye maka, waɗanda nasu ya kai haka, kaɗan ne ka tashi."

Washegari da hantsi ina zaune a bakin rumfar, Hadizatu ba ta san wanda ke kanta ba, sai ga Shehu tafe da sandarsa, ɗansa Mutari yana biye da shi ɗauke da wani ƙunshi. Mutari shi ne autansa, kuma shi kaɗai ya rage masa namiji, saurayi ɗan sha huɗu mai yawan fara'a, ya kusa sauke hadda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi jikin Hadizatu, ya miƙo mini ƙunshin da hannu biyu. Na buɗe, na ga farin ƙyalle da wani zare mai ƙulli a ƙarshensa.

Shehu ya ce, "Ka ɗinka mini likkafani da hannunka. Ga awon tsawon."

Wallahi ban taɓa jin ɗacin wata magana kamar wannan ba. Na zo masa neman rai, shi kuma ya kawo mini likkafanin ɗiyata tun tana numfashi, ya kuma ce ni zan ɗinka. Ƙirjina ya cika da fushi har na kasa amsa sallamarsa. Ya shiga rumfar, ya ɗora tafinsa a goshin yarinyar, leɓunansa suna motsi, ya daɗe a haka, sannan ya fito ya tafi.

Da Hawwa ta fita ɗibar ruwa, na miƙe zaren a gefen Hadizatu daga kai zuwa diddige, sai na ga ya wuce ta da taƙi biyu. Na ce a raina tsufa ya fara taɓa idon Shehu. Na aika a tambaye shi ko in rage, amsa ta dawo mini a gajarce: "Kada ya rage." Haka na zauna a bayan rumfar, inda uwarta ba za ta gan ni ba, na ɗinka shi ina kuka, hawaye yana hana ni ganin kafar allura, kowane ɗinki ina ambaton sunan ɗiyata.

Bayan ƴan kwanaki Majo Istifanus ya sake ɗibar ruwan bayanta. Na ga ya ɗaga kwalbar ya dube ta, ya goge idonsa ya sake dubawa, domin ruwan ya fara washewa. Ya zuba shuɗin maganin, ya kai wuta, ni kuwa na kau da kai. Sai na ji ya ce, "Malam Haruna, juyo." Ja ne ya kwanta a gindin kwalbar. Ya ce shi dai pikir ya yi kamar yadda ya yi wa na rumfar dama da na hagu waɗanda aka riga aka binne, saura kuwa aikin Ubangiji ne. Kafin la'asar Hadizatu ta buɗe ido ta nemi fura.

Na ɗauki likkafanin na nufi gidan Shehu da sauri, in yi masa albishir in kuma mayar masa da kayansa, har da ɗan alfahari a zuciyata cewa wannan karon Shehu bai gani daidai ba. Tun daga bakin lungu na hango mutane tsaye cirko-cirko. Mutari ya kwanta da ciwon kai jiya, in ji su, an kai shi Lazare da safe, an yi masa duk abin da aka yi wa tawa, amma irin mai saurin nan ne da ke fesa baƙaƙen tabo a fata, bai kai azahar ba. Ina can rumfar ƙarshe ina kallon kwalba, ban san an shigo da shi an fita da shi ba.

Shehu yana zaune a kan buzunsa. Ya miƙo hannu, na ba shi ƙunshin. Ni na taya aka sa yaron a ciki, kuma ni tela ne, na san awo: bai gaza ba, bai yi saura ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, mutane sun watse, na faɗi a gabansa na ce, "Allah gafarta Malam, kun sani tun ranar, Mutari da kansa ya ɗauko ƙyallen. Me ya sa ni?"

Hawaye yana bin gemunsa, muryarsa kuwa ba ta girgiza ba. Ya ce, "Na roƙa musu su biyu, aka nuna mini amsar kowanne. Ni ba zan iya riƙe allura ba, Haruna. Na so wanda zai ɗinka wa ɗana ya zama uba ne mai kuka."

Hadizatu ta rayu, cutar ta tafi da jin kunnenta na hagu, ta yi aure, ɗanta na fari muka sa masa Mutari. Ni kuwa har yau ban iya awon farin ƙyalle ban tuna da wancan zaren ba.

Wannan shi ne Shehunmu, mai haƙuri a inda haƙuri ke ƙarewa, wanda ya ɗora hannu a goshin ɗiyar wani alhali awon ɗansa yana cikin aljihun tela. Ya Allah, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Mutari a inuwar da babu zazzaɓi a cikinta, ka jiƙan dukan waɗanda muka ɗinka wa farin ƙyalle a waccan bazara, ka ba mu rabo daga albarkarsa ranar da wani zai ɗauki zare ya auna mu. Amin.